Minti Bakwai ko Goma Sha Huɗu: Masu Sauraro da Fayafayan Mahler da Bruckner

A cikin simfoni ta biyar ta Gustav Mahler akwai wani ɗan babi, na huɗu a jere, da ake kira Adagietto. Babu kakaki a cikinsa, babu ganga, babu sarewa. Masu goge ne kawai, manya da ƙanana, sai mutum ɗaya mai kaɗa haf, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake taɓawa da yatsu. A 1926 Willem Mengelberg, madugun makaɗan Amsterdam, wanda ya san Mahler ido da ido, ya ɗauki babin a faifai cikin minti 7 da 'yan daƙiƙoƙi. Bruno Walter, da ya yi shekaru yana mataimakin Mahler, bai cika minti 8 ba a ɗaukarsa ta 1938. Bayan shekara hamsin Bernard Haitink ya ja shi a Berlin har kusan minti 14. Rubutu ɗaya ne, ko ɗigo ba a ƙara ba, amma lokacin wani ya ninka na wani.

A kan wannan tazara an daɗe ana musu. Mengelberg ya rubuta a gefen kundinsa cewa babin wasiƙar soyayya ce Mahler ya aika wa Alma, wadda ya aura a 1902. In haka ne, ya kamata ya tafi da takin da mutum zai iya rerawa da numfashinsa. Sai dai Leonard Bernstein ya kaɗa shi a jana'izar Robert Kennedy a 1968, a 1971 kuma Luchino Visconti ya shimfiɗa shi a fim ɗinsa na wani dattijo da ya je Venice ya mutu. Daga nan duniya ta riƙa jinsa a matsayin kiɗan makoki, madugai suka ƙara jan ƙafa da shi.

Galibin masu wannan musu ba malaman kiɗa ba ne. Ma'aikatan ofis ne da malaman makaranta da 'yan fansho, a Jamus da Ingila da Amurka da Japan, da yawansu ko rubutun kiɗa ba su iya karantawa ba. Amma za ka tarar da mutum yana da ɗauka goma ko ashirin ta simfoni guda a ɗakinsa, kuma da an sanar da sabuwa sai ya ƙagu ta fito. Na waje zai ce almubazzaranci ne: ka riga ka mallaki abu, me za ka yi da na ashirin da ɗaya? Tambayar tana da amsa, kuma amsar tana cikin yadda aka gina kiɗan da kuma hanyar da ya bi ya iso kunnen jama'a.

A wajenmu mawaƙi shi ne mai waƙarsa. Shata ya tsara, Shata ya rera, da ya rasu abin da ya rage sai kaset, wanda ya maimaita waƙarsa kuma kwaikwayo ya yi. A al'adar simfoni aikin a rabe yake. Mutum ɗaya zai zauna ya rubuta abin da kowane makaɗi zai yi, layi bisa layi, ya bar kundi. Kundi ba ya ƙara. Sai an tara mutum tamanin ko ɗari, an tsayar da madugu a gabansu da 'yar sandarsa, kafin ya zama sauti. Duk yawan umarnin da marubuci zai cika shafi da shi kuma, ba zai iya faɗin komai ba. Ya ce a tafi sannu, to sannun wa? Ya ce a yi ƙasa-ƙasa, to har ina? A wannan gurbi madugu yake aikinsa, a nan kuma mai sauraro yake kasa kunne.

Gurbin ya fi faɗi a kiɗan ƙarshen zamanin da Turawa ke kira Romantik, daga wajen 1870 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kalmar ba soyayyar saurayi da budurwa take nufi ba. Zamani ne da masu fasaha suka fifita abin da ke cin zuciyar mutum ɗaya, tsoronsa da begensa da tunaninsa kan mutuwa da Ubangiji, a kan tsohuwar ƙa'idar tsari. Simfonin Haydn, shekara ɗari kafin nan, takan ƙare cikin minti 25 da makaɗa talatin ko arba'in. Ta takwas ta Anton Bruckner tana cin minti 80. Ta uku ta Mahler tana haura awa ɗaya da rabi. Ta takwas ɗinsa, da aka fara kaɗawa a Munich ran 12 ga Satumba 1910, ta tara makaɗa da mawaƙa wajen dubu a dandamali ɗaya. Brahms da Tchaikovsky da Dvořák da Elgar da Sibelius duk 'yan wannan zango ne, kowa da masoyansa, amma a kan Bruckner da Mahler zazzaɓin tara faifai ya fi kamari. Idan gini ya kai wannan girma, ɗan sauyin taki yakan sauya komai. Madugun da ya zazzage ƙarfinsa a minti na ashirin ba shi da abin bayarwa a minti na saba'in.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, wannan kiɗa bai tara jama'arsa a zaure ba. Ranar da Bruckner ya jagoranci simfoninsa ta uku a Biyana, babban birnin Ostiriya, a Disamba 1877, mutane suka yi ta sulalewa har aka ƙare da 'yan tsiraru. Mahler, yana ɗan shekara 17, yana cikin waɗanda suka tsaya. Shi kansa Mahler a rayuwarsa an fi saninsa da madugu, shugaban gidan opera na fadar Biyana daga 1897 zuwa 1907, daga baya kuma a New York. Ya rasu a 1911 yana da shekara 50, bai taɓa jin simfoninsa ta tara ba. Abokai da almajirai sun riƙe aikinsa, Mengelberg ma ya shirya masa babban biki a Amsterdam a 1920, amma daga 1933 'yan Nazi suka haramta kiɗansa saboda asalinsa na Bayahude. Bruckner kuwa rungumarsa suka yi, suka mai da shi tuta, har gidan rediyon Jamus ya sa babin jimami na simfoninsa ta bakwai lokacin sanar da mutuwar Hitler a 1945. Bruckner ya rasu tun 1896, ɗan ƙauye mai yawan ibada da ya shafe ƙuruciyarsa yana kaɗa ogan a coci, amma tabon ya bi sunansa shekaru.

Garmaho ma da farko bai yi wani taimako ba, domin faifan wancan zamani ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu ko biyar a fuska ɗaya. Oskar Fried ya yi ta maza a 1924 ya ɗauki ta biyu ta Mahler gaba ɗayanta tun kafin a fara aiki da makirfo, makaɗa a cunkushe a bakin wani ƙaton ƙaho, sautin siriri kamar daga ƙasan rijiya. Ta tara da Walter ya ɗauka a Biyana ran 16 ga Janairu 1938 ta fito a fayafayai goma, kowane minti huɗu sai mai sauraro ya tashi ya juya ko ya sauya.

Wannan ɗauka ta 1938 ta cancanci a dakata a kanta, don ita ta fi nuna abin da masu tara faifai suke bi. A zaure aka yi ta, gaban jama'a. Bayan wata biyu sojojin Hitler suka shiga Ostiriya. Walter ya yi hijira. Shugaban masu goge na ƙungiyar makaɗan, Arnold Rosé, mijin ƙanwar Mahler, aka raba shi da kujerar da ya riƙe fiye da shekara hamsin, ya ƙare a Landan. 'Yar Rosé, ita ma mai suna Alma, ta mutu a sansanin Auschwitz a 1944. Babin ƙarshe, wanda Bernstein zai ja har kusan minti 30 a Amsterdam a 1985, a nan minti 18 ne, kuma babu kwanciyar hankali a cikinsa: masu gogen suna danna tsirkiya kamar ana bin sawunsu. Ba na cewa sun san abin da ke tafe dalla-dalla. Amma wanda ya sa wannan faifai yau abu biyu yake ji lokaci guda, kundin da Mahler ya rubuta a 1909, da kuma rana ɗaya a rayuwar wasu mutane da ba su sake haɗuwa cikakku a wannan dandamali ba. Kowace ɗauka tana ɗauke da ranarta haka, ko da labarinta bai kai wannan nauyi ba.

Al'amari ya juya da zuwan faifan LP a 1948, mai ɗaukar minti ashirin da ɗoriya a fuska ɗaya, sannan sitiriyo a 1958. A 1960 aka cika shekara ɗari da haihuwar Mahler, kuma daga nan zuwa 1967 Bernstein ya ɗauki simfoni tara ɗin duka. Kubelík da Haitink da Solti suka biyo baya. Kada a ɓoye ɓangaren ciniki: kamfanoni sun sami kiɗan da zai nuna ƙarfin sababbin na'urori, kuma farin jinin ta takwas da Solti ya ɗauka a Biyana a 1971 injiniyoyin kamfanin Decca suna da babban kaso a cikinsa. Amma akwai abin da ya fi ciniki zurfi. Simfoni mai minti 80 ba a gane ta a zama ɗaya. Mutumin 1900 zai ji ta sau ɗaya, wataƙila ba zai ƙara ba sai bayan shekara goma, ba mamaki ya fita yana cewa hayaniya ce marar kan gado. Mutumin 1965 zai ji ta sau talatin a ɗakinsa, har ya lura cewa ɗan karin da ƙaho ya busa a farko shi ne ya dawo a ƙarshe da wata kama. Faifai ya ba mai sauraro maimaici, abin da a da sai wanda ya iya karanta kundi. Maimaici ya kawo sani, wanda ya sani kuma dole ya fara kwatantawa. Da faifan CD ya zo a 1982, kamfanoni suka buɗe rumbunansu suka sake fito da tsofaffin ɗauka, matattun madugai suka shiga gasa da rayayyu.

Iyakar inda wannan ƙauna take kai mutum ana ganinta a Gilbert Kaplan, ɗan kasuwar New York mai mujallar harkokin kuɗi. A 1965 ya ji Leopold Stokowski yana jagorantar ta biyu ta Mahler, wadda ake wa laƙabi da Tashin Matattu, abin ya shige shi bai fita ba. Yana da shekara arba'in ya nemi malami ya koya masa riƙon sanda saboda wannan kiɗa guda ɗaya. A 1982 ya yi hayar zaure da makaɗa ya jagorance ta, daga baya ya yi ta yi a ƙasashe da dama, ya ɗauke ta da makaɗan Landan a 1987, sannan da na Biyana. Ya sayi ainihin rubutun hannun Mahler, wanda aka yi gwanjonsa a Landan a 2016, bayan rasuwarsa, a kan fam miliyan huɗu da rabi. Akwai makaɗan da suka faɗa a fili cewa kuɗi ne ya tsayar da shi inda bai kai ba, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka shi ne ya fi kowa nacewa, da hujjoji na takardu, a koma ga takin Mengelberg da Walter a Adagietto, kuma ƙwararru da dama sun saurara.

A wajen Bruckner musun ya wuce taki, ya kai ga kundin kansa. Mutum ne mai saurin karaya da suka. A 1887 ya gama ta takwas ya aika wa madugu Hermann Levi, wanda yake gani kamar uba a sana'a, Levi ya ce bai gane kanta ba. Bruckner ya shiga damuwa, ya sake rubuta ta, ya gama a 1890, ya kuma koma kan tsofaffin ayyukansa yana yanka yana ɗinki. Ta uku tana da nau'in 1873 da na 1877 da na 1889. Almajiransa, 'yan gidan Schalk da Ferdinand Löwe, suka sa hannu a bugun farko, wani wuri da yardarsa wani wuri babu. A shekarun 1930 Robert Haas ya fara tace kundayen, bayan yaƙi Leopold Nowak ya karɓa ya saɓa masa. A ta takwas Haas ya ɗauki nau'in 1890 ya mayar da wasu guntaye na 1887 da yake ganin matsin lamba ne ya sa aka cire. Nowak ya ce ba a haɗa abin da mai shi bai haɗa ba. A cikin madugai, Karajan da Günter Wand suka tsaya kan Haas, Giulini ya bi Nowak. Shi ya sa masoyin Bruckner ba ya tsayawa a tambayar wa ya kaɗa, sai ya ƙara da wane nau'i, bugun wa. A ilmance Nowak ne da gaskiya. Kunnena kuwa yana tare da Haas, domin ɗan guntun da ya mayar a babi na uku yana ba kiɗan wurin shan numfashi kafin hawan ƙarshe, kuma duk lokacin da na ji ɗaukar da babu shi sai in ji an hanzarta ni.

Mahler ma ya bar irin wannan rigima a ta shida: ya buga ta da wani jeri, ya musanya babi biyu na tsakiya kafin wasan farko a Essen a 1906, ya kuma cire bugu na uku na ƙatuwar gudumar babin ƙarshe, wanda Bernstein ya mayar. John Barbirolli ya ɗauke ta da jerin da ya yarda da shi, kamfanin ya juya masa babin a faifai don ya dace da bugun da ake yayi a lokacin.

Akwai wanda ya ƙi wannan al'ada baki ɗayanta, kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Sergiu Celibidache, ɗan Romaniya, madugun makaɗan Munich daga 1979 har rasuwarsa a 1996, ya shafe shekaru yana ƙin shiga situdiyo. Hujjarsa ita ce taki ba lamba ba ce da ake yankewa daga gida. Zaure ne ke yanke shi, gwargwadon yadda sauti ke tashi, ya cika wuri, ya mutu. Makirfo ba ya kama wannan duka, saboda haka abin da ya yi daidai a zaure sai ya zama jan jiki a lasifika. Bayan rasuwarsa iyalinsa suka yarda aka fito da abin da aka naɗa a wasanninsa, tunda na sata sun riga sun cika kasuwa. Ta takwas ta Bruckner a hannunsa ta haura minti 100, masu saye suka rabu, wasu suka ce ba su taɓa jin irinta ba, wasu suka ce ba ta motsi. Abin da ya faɗa game da makirfo gaskiya ne. Inda na rabu da shi shi ne, zauren da yake magana a kai yana Munich, kujerunsa ba su kai dubu uku ba. Wanda ke zaune a garin da babu ƙungiyar makaɗa ko ɗaya, in ka hana shi faifai ka hana shi Bruckner.

To sababbin ɗauka fa, bayan duk wannan tari? Kasuwar ta sauya. Manyan kamfanoni sun ja baya, ƙungiyoyin makaɗa suka kafa tambarin kansu, kamar LSO Live a Landan da SFS Media a San Francisco, inda Michael Tilson Thomas ya fara jerinsa na Mahler da ta shida ran 12 ga Satumba 2001, kwana ɗaya bayan harin New York. Yawanci yanzu wasan zaure ake naɗa, dare biyu ko uku, a ɗinke, a goge kurakurai. Cikar Bruckner shekara 200 a 2024 ta zo da ambaliya: Christian Thielemann ya ɗauki simfoni 11 da makaɗan Biyana, har da biyun da marubucin bai sa a lissafi ba, Markus Poschner kuma ya bi nau'o'in ɗaya bayan ɗaya. Makaɗan yau sun fi na 1960 gwaninta nesa ba kusa ba, wurin da mai ƙaho yakan yi tuntuɓe a da yanzu ɗalibi ma yana wuce shi. Abin da ke damuna shi ne sun fara kama da juna. A da daga ji ɗaya ana gane masu busa na Prague, ana gane kakakin Rasha da karkarwarsa. Yanzu madugu ɗaya yana riƙe da ƙungiya biyu ko uku a nahiyoyi dabam-dabam, ya sauka daga jirgi farkon mako, wasa kafin ƙarshensa. Sababbin ɗauka da yawa katin shaida ne kawai, don a san cewa wane ma ya yi Mahler.

Waɗanda suka cancanci zama a saurara su ne masu ɗauke da tambaya. Roger Norrington a Stuttgart ya hana masu goge karkaɗa yatsa a kan tsirkiya, yana cewa a zamanin Mahler ba a yin haka ba ƙaƙƙautawa. Sakamakon bai kwanta mini ba, amma bayansa na fara lura da yadda wasu ke shafe komai da wannan karkarwa. François-Xavier Roth da ƙungiyar Les Siècles sun fito da ta farko ta Mahler a 2019 a tsohuwar siffarta mai babi biyar, da kayan kiɗa na zamanin. A 2024 Philipp von Steinaecker ya fito da ta tara ta Mahler da irin kayan da ake amfani da su a Biyana wajen 1900, tsirkiyar hanji da ƙahonni masu ƙuntataccen maƙogwaro, sai muryoyin da suka saba narkewa cikin juna suka rabu, kowace da launinta. Iván Fischer da makaɗan Budapest kuwa ba su sauya kaya ba, sun dai tuna cewa Mahler ɗan Bohemiya ne da ya tashi yana jin kiɗan rawa na ƙauye da begilar bariki.

Ciwon mai tarawa kuma sananne ne, intanet ta ƙara rura shi. Ya sa minti uku na wannan, ya tsallaka zuwa minti uku na waccan, ya haddace agogon kowane babi, amma ya daɗe bai zauna minti 80 cur ba. Yana neman ɗaukar da ta fi duka. Mujallar Gramophone, tun kafa ta a 1923, da shirye-shiryen rediyo masu zaɓen gwani suna da amfani ga sabon shiga, sai dai kundin da ya ɗauki Walter ya kuma ɗauki Bernstein ba a tsayar masa da zakara ɗaya.

Wani dalilin da ba na jin ana yawan faɗa shi ne, mai sauraro yana bin madugu yana tsufa. Wannan kiɗa ne da dattawa ke komawa gare shi. Ɗaukar Karajan ta ƙarshe ta bakwai ce ta Bruckner, a Afrilu 1989, wata uku kafin rasuwarsa. Haitink ya ajiye sanda a 2019 da wannan simfonin dai, yana da shekara 90, bayan ya ɗauke ta sau da dama tun shekarun 1960. Wanda ya jera su yana jin abin da mutumin ya ƙara da abin da ya daina yi. Claudio Abbado ya yi wasansa na ƙarshe da ta tara ta Bruckner a Lucerne a 2013, wadda mai ita ma bai gama ba.

Shekara uku kafin nan, a Agusta 2010, Abbado ya jagoranci ta tara ta Mahler a wannan zaure, bayan ya yi shekara goma yana rayuwa da abin da tiyatar sankarar ciki ta bar masa. An ɗauki wasan a bidiyo. A shafin ƙarshe masu busa sun riga sun yi shiru, masu goge kaɗai suka rage, layi yana katsewa yana dawowa, kowane ya fi na baya rauni. Aka rage fitilun zaure. Da sautin ya ɗauke, Abbado bai juya ba, jama'a ma ba su motsa ba, aka yi wajen minti biyu babu tafi babu tari. Waɗanda suka shirya faifan ba su yanke wurin ba.